Yadda za ka gane kayan "kare muhalli da lafiya" na gaskiya kafin su cinye maka kuɗi

Yanzu fa kusan komai ya zama kore. Sabulu da hoton ganye, robar ruwa da hoton ganye, omo, man shafawa, goge-goge, har batir ma sai ka ga an manna masa ɗan ganye a gefe wai shi ma yana ƙaunar muhalli. Ba wai kamfanoni ne suka tuba dare ɗaya ba, a'a, sun dai lura mutane sun fara tambayar me ake zubawa cikin abun da suke ci da wanda suke shafawa, kuma da yawa za su ƙara kuɗi in aka ce musu wannan ya fi lafiya. Toh duk inda aka ce akwai ƙarin kuɗi ka san masu wayo ba za su zauna a gida ba. A 2020 Hukumar Tarayyar Turai ta sa aka binciki irin waɗannan maganganu da ake rubutawa a jikin kaya, aka samu kashi 53 cikin 100 ko dai magana ce mai harshen damo, ko yaudara, ko marar tushe, kashi 40 kuwa babu hujja ko ɗaya a bayansu. A Turai kenan fa, inda ake ganin doka na aiki.

Wannan ba ya nufin duka ƙarya ne. Akwai kayan kirki, akwai kamfanonin da suke yi da gaske, matsalar dai sun cakuɗe da na bogi a kanta ɗaya, sai ka san inda za ka duba.

Fara da juya kwalin

Abu na farko kuma wanda ya fi komai sauƙi: ka juya kwalin ko kwalbar ka karanta bayanta. Gaban kwali na masu talla ne, su suke zaɓen launi da hoto da kalmomi masu daɗin ji. Bayan kwali kuwa, inda aka rubuta da ƙananan baƙaƙe har sai ka ƙanƙance ido, nan ne doka ta tilasta musu faɗin gaskiya a yawancin ƙasashe.

Kalmomi irin su "natural", "eco", "green", "pure" in su kaɗai ne babu wani bayani, ka ɗauka ba a rubuta komai ba. A wurare da yawa babu dokar da ta fayyace ma'anarsu, kowa na iya bugawa. Kuma don abu ya fito daga ƙasa ko daga tsiro ba shi ne ya zama lafiyayye ba, dalma daga ƙasa ake haƙo ta, taba ganye ce. Wanda ya fi ban dariya shi ne masu rubuta wai babu sinadari ko ɗaya a ciki, alhali ruwan da ke cikin kwalbar ma sinadari ne. Akwai kuma masu yi maka gori da abun da dama doka ta hana, misali gwangwanin feshi da aka rubuta "CFC-free" da manyan baƙaƙe, alhali tun yarjejeniyar Montreal ta 1987 aka fara kawar da wannan iskar saboda tana huda rufin ozon da ke can sama yana tare mana hasken rana mai cutarwa, yau ba gwaninta ba ce a ce babu ita. Abun ya ishi Tarayyar Turai har ta yi doka a 2024 wadda daga watan Satumba na 2026 za ta hana rubuta irin waɗannan kalmomi na gama-gari sai da hujja.

Yanzu jerin abubuwan da aka haɗa. Ƙa'idar ita ce ana jera su daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙanƙanta, dan haka ukun farko su ne ainihin abun da ka saya. In gaban kwalba ya cika da hoton zuma ko wani tsiro amma ka same shi can a ƙarshen jeri bayan turare da kala, toh ɗigo aka sa don a samu damar buga hoton. A kayan shafa, duk abun da bai kai kashi 1 cikin 100 ba ana iya jera shi yadda aka ga dama a ƙarshe, saboda haka wutsiyar jerin ba ta gaya maka komai sosai.

A kayan ci da sha na kwali ko gwangwani, kar ka tsaya a kan "low fat" ko "no added sugar", ka nemi ɗan teburin nan na lissafi ka duba layin da aka ce a kowane giram 100, da shi za ka kwatanta kaya biyu, domin layin da suke cewa na ci ɗaya kamfani ne ke yanke girmansa kuma sau da yawa ƙanƙantar da shi suke yi don lambobin su yi kyau. Sukari giram 4 shi ne kusan ƙaramin cokali ɗaya, sai ka raba lambar gida huɗu ka ga cokali nawa ne a ciki, wallahi wani lemon da ake kira na lafiya in ka yi wannan lissafin sai ka mayar da shi inda ka ɗauko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kar ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a rana, ga babba kusan giram 50 kenan, cokali 12, gishiri kuma ƙasa da giram 5 a rana. In "sodium" aka rubuta maimakon gishiri, ka ninka lambar sau biyu da rabi ka samu gishirin. Wata dabarar kuma ita ce a raba sukari gida uku ko huɗu da sunaye daban-daban, "glucose syrup", "dextrose", "maltose", "fruit concentrate", don kar ko ɗaya ya hau saman jeri. In kuwa ka ga "partially hydrogenated oil" ka ajiye kawai, shi ne kitsen da ke toshe jijiyoyin zuciya, tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya take kiran a kawar da shi gaba ɗaya daga abinci.

Hatimin waye a jiki?

Tambarin da ke jikin kaya iri biyu ne. Akwai wanda kamfani ya zana wa kansa, ɗan da'ira da ganye ko hoton duniya, wannan yabon kai ne. Akwai kuma wanda wata hukuma ta daban ta bayar bayan ta bincika, shi ne mai ɗan nauyi. Wanda ya fi daɗewa shi ne Blue Angel na Jamus tun 1978, sai Nordic Swan na ƙasashen arewacin Turai a 1989, sai EU Ecolabel da Energy Star na Amurka duka a 1992. A takarda da katako akwai FSC, a tufafi akwai OEKO-TEX da GOTS, a kayan noma irin su kofi da koko akwai Fairtrade.

Amma kowannensu abu guda yake shaida, kar ka ɗora masa abun da bai ce ba. Energy Star maganar cin wuta yake yi, bai ce na'urar za ta daɗe ba. OEKO-TEX ya ce an gwada yadin ba a samu sinadarai masu cutarwa sama da ƙima ba, bai ce audugar ba a yi mata feshi a gona ba. Fairtrade ya fi karkata ga hakkin manomi. Shi kuma "organic" yana nufin yadda aka noma abun, ba da takin zamani da yawancin magungunan feshi na masana'anta ba, a dokar Amurka sai kashi 95 cikin 100 na kayan haɗin sun cika wannan sharaɗi kafin a rubuta kalmar, in kashi 70 ne sai dai a ce an haɗa da su. Toh amma biskit ɗin da aka yi da sukari "organic" har yanzu biskit ne mai sukari, mai ciwon suga bai tsira ba.

Hatimi na gaske yawanci yana zuwa da lambar lasisi a ƙasansa ko a gefe. Ka ɗauki lambar ka shiga shafin hukumar a intanet ka buga, minti biyu ya isa. In babu lamba, ko ka buga sunan wani kamfani daban ya fito, ka samu amsa.

Maganar roba, a nan ne aka fi yi mana wayo

Ka ɗaga kowace roba ka duba gindinta, za ka ga ɗan kusurwa uku da lamba a tsakiya, daga 1 zuwa 7. Mutane da yawa suna ganin kibiyoyin nan sai su ɗauka ana cewa za a sake sarrafa robar ne. Ba haka ba ne. Masu masana'antar roba a Amurka ne suka fito da lambobin a 1988 don a san wane irin roba ne kawai. Lamba 1 ita ce ta robar ruwa da lemo, lamba 2 ta jarkoki masu kauri da robar shamfu, su biyun nan ne aka fi samun masu karɓa su narkar. Lamba 5 ta fi jure zafi, ita ce ake yin yawancin robobin zuba abinci da ita. Lamba 3 da 6 da 7 kuwa da wuya a sake sarrafa su, kuma ni dai ba zan zuba abinci mai zafi a cikinsu ba, musamman 6 ɗin nan mai kama da soso fari.

Kuma ko wadda ake iya narkarwar, sai in akwai mai zuwa ya kwashe ta a inda kake. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta cewa daga 1950 an ƙera roba kusan tan biliyan 8.3, kuma cikin wadda ta zama shara kashi 9 cikin 100 kacal aka sake sarrafawa, kashi 12 aka ƙona, ragowar 79 tana jibge a juji ko tana yawo a gari da ruwa. Dan haka in aka ce maka "recyclable", tambayar ita ce wa zai yi, a ina? Gwangwanin alminiyam ya fi sa'a a nan, domin narkar da tsoho yana rage kusan kashi 95 cikin 100 na makamashin da za a kashe wajen yin sabo, shi ya sa yake da masu nema ko ba a roƙe su ba.

Sai ledar da ake cewa tana ruɓewa da kanta. A 2019 masu bincike a Jami'ar Plymouth ta Ingila suka fitar da sakamakon wani gwaji, sun binne irin waɗannan ledoji a ƙasa, wasu suka sa a ruwan teku, bayan shekara 3 suka ciro waɗanda aka rubuta wa "biodegradable" suka zuba musu kaya suka ɗauka ba su yage ba. Masu "oxo" a sunansu sun fi muni, ba ruɓewa suke ba, farfashewa suke su zama ɓurɓushin roba da ido ba ya gani, Tarayyar Turai ta hana su tun 2021. Wadda aka rubuta wa "compostable" kuma yawancinta sai a masana'antar yin taki inda zafi ke kai wa kusan digiri 58, in ka jefa ta a bola kamar kowace leda za ta zauna.

Nan ne wasu ke cewa toh shikenan na koma jakar auduga. Madalla, amma tsaya ka ji. Hukumar kula da muhalli ta Ingila ta fitar da rahoto a 2011 da ya nuna sai ka yi amfani da jakar auduga sau 131 kafin ta biya bashin hayaƙin da aka fitar wajen yin ta in aka kwatanta da leda ɗaya da aka yi amfani da ita sau ɗaya, jakar takarda kuma sau 3. Noman auduga na shan ruwa da feshi ba kaɗan ba. Kenan wanda ya tara jakunkunan auduga goma sha a bayan ƙofa, kowane taro ya je a ba shi sabuwa, bai taimaki kowa ba, wanda ya riƙe guda ɗaya shekara da shekaru har ta koɗe shi ne ya yi abun. Haka lissafin yake a gorar ruwa ta ƙarfe, da kofi, da komai da ake ce wa mai daɗewa: amfaninsa yana cikin yawan amfani da shi. Kar ka zubar da robobin kicin ɗinka masu lafiya don ka sayo sababbi na gilashi ko na katako wai kana kare muhalli, ka bari su mutu tukuna.

Batun "BPA-free" kuma, gaskiya ne BPA sinadari ne da ke kwaikwayon homon, wato sinadaran da jiki ke haɗawa don tafiyar da ayyukansa, Tarayyar Turai ta hana shi a fidar jarirai a 2011, Amurka a 2012. Sai dai wasu kamfanonin da suka cire shi sun maye gurbinsa da ɗan'uwansa BPS, wanda masana ke zargin halinsu ɗaya, an gudu ba a tsira ba kenan. Abun da ke hannunka ya fi wannan rubutun ƙarfi: kar ka ɗumama abinci a cikin roba, kar ka zuba mai tafasa ko mai maiƙo da zafinsa, kar ka bar robar ruwa a mota cikin rana, wadda ta kakkarce ko ta yi hazo ka sauya mata aiki. Zafi da maiƙo da tsufa su ke sa roba ta saki abun da ke cikinta.

Na shafawa da na wanke-wanke

'Yan'uwa mata, da mazan ma don yanzu ba a bar su a baya ba, man da aka ce yana haskaka fata cikin sati ɗaya ko biyu abun tsoro ne ko da an zana ganye ɗari a jikinsa. Ki duba ko akwai "mercury", "mercurous chloride" ko "calomel", duka zaiba ce, tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana ratsawa zuwa ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono, har tawul da zanin gadon da ake haɗawa da ke tana bi. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda aka sa wa sunan garin Japan da gubar zaiba ta yi wa ɓarna, ta shafi irin waɗannan mayuka kai tsaye. Matsalar ita ce masu zubawa ba sa rubutawa, dan haka man da babu jerin kayan haɗi, babu sunan kamfani da adireshi, babu lambar rajistar hukumar magunguna, ki bar shi ko nawa aka rage miki.

Sabulun da aka rubuta yana kashe ƙwayoyin cuta shi ma ba sai ka ƙara masa kuɗi ba. A 2016 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana triclosan da wasu sinadarai 18 a sabulun wanke hannu da jiki na gida, ta ce kamfanonin sun kasa nuna cewa sun fi sabulu da ruwa na yau da kullum. Sirrin yana cikin cuɗa hannu na daƙiƙa 20. Sabulun goge fuska mai 'yan ƙwayoyi kuma, in ka ga "polyethylene" a jeri toh roba ce aka niƙa, Amurka ta hana a 2015, Ingila a 2018. Mai saurin ƙaiƙayi ko asma ya lura da kalmar "fragrance" ko "parfum", kalma ɗaya ce amma tana iya ɓoye sinadarai da dama, kuma man ƙamshi na tsiro ma yana tayar wa wasu da borin jini.

Abu ɗaya da ba wasa a ciki: kar ka taɓa haɗa bilic da ruwan tsami na khal, ko da maganin wanke masai mai asid, ko da wani abu mai amoniya. Iska mai guba ke tashi. Ana yawan yaɗa haɗe-haɗen "na gida" a Facebook da TikTok, ba duka ne masu yi suka san me suke haɗawa ba.

Kaskon suya da abinci ba ya kamawa, ba sai ka jefar da shi ba in lafiyarsa ƙalau, kawai kar ka bar shi a wuta babu komai a ciki, rufin nan da ke hana abinci kamawa yana fara lalacewa in zafi ya wuce digiri 260, kuma cokalin ƙarfe ba nasa ba ne. In ya fara ɓarewa ka maye shi da na baƙin ƙarfe ko na silba mai kauri, waɗannan har jikoki sai su gada. Tufafi kuwa ba zan ja ba: yadin da aka ce na itacen gora ne mai laushi yawanci an narkar da itacen ne da sinadarai masu ƙarfi aka mai da shi zare, rigar da za ka sa shekara biyar ta fi riguna biyar "masu kore" da za su yage a wata uku.

Kayan wuta: kuɗin saye daban, kuɗin riƙo daban

A ƙwan fitila ka daina duba wat, ka duba lumen, shi ne yawan hasken. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da kusan lumen 800, na LED yana ba da wannan hasken da wat 8 zuwa 10, kuma mai kyau yana daɗewa ninkin-ba-ninkin. A firji, injin wanki da na'urar sanyaya ɗaki, ka nemi takardar da ke nuna kWh nawa yake ci a shekara, wato yunit ɗin wuta, ka ninka da kuɗin yunit ɗaya, ka sake ninkawa da shekarun da kake sa ran zai yi, sannan ka tara da kuɗin saye. Sau da yawa mai arahar shi ne mai tsadar. Ka lura kuma tun watan Maris na 2021 Turai ta sauya ma'auninta na cin wuta a kaya irin su firji da injin wanki, an cire su A+++ an koma daga A zuwa G, saboda haka firji mai C a sabon ma'auni yana iya fin mai A++ na tsohon, kar harafi ya ruɗe ka, lambar kWh za ka bi.

Sannan ka tambaya kafin ka biya: in ya lalace ana gyarawa? Ana samun kayan gyaransa? Batir ɗin ana cirewa ko an liƙe shi da gam? Faransa a Janairun 2021 ta tilasta a riƙa rubuta makin sauƙin gyara daga cikin 10 a jikin wayoyi, kwamfutocin cinya, talabijin da injin wanki, kana iya neman makin samfurin a intanet ko ba a can kake ba. Wannan na da muhimmanci domin a waya mafi yawan hayaƙin da take jawowa a wajen ƙera ta ne, ba a wajen caji ba, sauya batir ka ƙara shekara biyu da ita ya fi sayen sabuwa ko da kwalinta na takardar da aka sake sarrafawa ne. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kusan kashi 22 cikin 100 kawai aka tattara aka sarrafa yadda ya kamata.

In kai ne mai sayarwa

Toh ga masu son shiga wannan harka, kasuwa akwai ta, amma kar ka fara da zanen tambari da zaɓen launin kore. Ka fara da matsala guda ɗaya da za ka iya aunawa. Wataƙila kwalin da kake naɗe kaya ya yi yawa, wataƙila wuta ko ruwa kake ɓarnatarwa, wataƙila kaya ke lalacewa kafin a saya. Ka rubuta nawa kake kashewa a wata, ka gyara, ka sake aunawa. Yawancin gyaran farko kuɗi yake rage maka, ba ƙara maka ba, kuma shi ne zai ba ka abun faɗa wa kwastoma da lamba a hannu.

Sana'o'in da suka fi tsayawa da ƙafarsu a wannan fanni ba masu ƙyalƙyali ba ne: gyaran waya da kayan wuta, sayar da na hannu da aka gyara aka ba da garanti, sake cika sabulun ruwa da shamfu a robar da mutum ya zo da ita, haɗa sola da kula da ita, tattara gwangwani da roba lamba 1 da 2 a kai wa masu narkarwa, mai da ragowar abinci taki. Dukansu mai saye yana ganin amfanin a aljihunsa, ba sai ka yi masa wa'azin sauyin yanayi ba. Mutane kaɗan ne za su daɗe suna biyan ƙari don tausayin duniya kawai, in sabulunka ba ya kumfa ba ya fitar da datti ba za a dawo ba ko da kuwa da ganyen aljanna ka yi shi.

Wajen talla, ka faɗi ƙaramin abu takamaimai wanda za ka iya kare shi. "Rabin robar wannan kwalba daga tsohuwar roba aka yi ta" ya fi "muna ƙaunar muhalli" sau dubu, amma fa ka fayyace kwalbar kake nufi ko abun da ke ciki. Duk abun da dilan da kake sari a wurinsa ya gaya maka, ka ce ya ba ka a rubuce, satifiket da lambarsa da ranar ƙarewarsa, ka duba da kanka, domin ranar da asiri ya tonu sunanka ne a jikin kwalin ba nasa ba. Kar ka manna hatimin da ba a ba ka ba, kar kuma ka zana mai kama da shi. Kamfanin Volkswagen ya yi shekaru yana tallan motocin dizal masu tsabta, a watan Satumba na 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo cewa an sa musu manhajar da ke gane lokacin gwaji ta rage hayaƙi, motoci kusan miliyan 11 abun ya shafa, tara da diyya suka haura Yuro biliyan 30. Su suna da kuɗin biya, ƙaramin ɗan kasuwa magana ɗaya a WhatsApp ta isa ta rufe shi.

Kuma dan Allah ka raba "ba ya cutarwa" da "yana warkarwa". Da zarar ka rubuta cewa shayinka ko manka yana maganin hawan jini, suga ko wata cuta, ka shiga hurumin hukumar magunguna, kuma kana iya sa wani ya ajiye maganin da likita ya ba shi. Masu haɗa man shafawa da sabulun ruwa a gida su ma su kula, duk haɗin da ruwa ya shiga cikinsa yana buƙatar sinadarin hana lalacewa, in babu shi ƙwayoyin cuta da fumfuna za su fara girma cikin 'yan kwanaki tun kafin ido ya gani ko hanci ya ji. In kana son ka rubuta babu irin wannan sinadari, toh ka tsaya a kayan da babu ruwa a ciki kamar sabulun sanda da mai zalla, ka yi kaɗan-kaɗan, ka rubuta ranar haɗawa da ranar daina amfani a kowace kwalba, da lambar rukunin da aka haɗa tare, ta yadda in wani ya kawo ƙorafi za ka san waɗanne za ka janye daga kasuwa. Masu sake cikawa kuma kar a zuba sabo a kan ragowar tsoho, a wanke robar, a bar ta ta bushe sarai, sannan a cika.